Duron da Ya Tsallaka Iyaka Sau Biyu

Ran Talatar da ta wuce Basiru, ɗan ƙanena, ya dawo daga Illela da motarsa cike kamar yadda ta tafi. Jarkokin roba ne waɗanda aka juye maganin feshi daga cikinsu, ya tattaro su daga gonakin Bakura da Ruwan Gizo zai kai wa wani a Ƙonni. Ma'aikatan bakin iyaka suka ce ba za su wuce ba. Sharar guba ce, kuma doka ba ta yarda a tsallaka da ita haka kawai ba, sai da takardar da ta faɗi abin da ya zauna a ciki, da shaidar cewa mutanen wancan ƙetaren sun sani, sun kuma amince.

Ya zo rumfata yana huci, ya ɗebi ruwa a tsohon duron da ke ƙofar gida ya sha, ya goge baki.

"Baba Mamman, jarka wofi fa! Wofi! Mi ke ciki da za a nemi takarda?"

Abokansa biyu suka taya shi. Ɗaya har ya ce mu mun ci zamaninmu da sauƙi: a fasa bakin duro, a shafa fenti, a miƙa wa mai saye. Na yi dariya, don ni ma na taɓa ɗaukar abin haka. Sai na zaunar da su na ba su labarin nan, kuma saboda irinsu nake rubuta shi.

Duro na farko da na taɓa yankawa na kwalta ne. Lokacin an fara aikin madatsar Bakolori, Talata Mafara ta cika da manyan motoci da baƙin fuskoki, kuma duk abin da aikin ke ci a cikin ganga yake zuwa: man dizal, baƙin mai, kwalta. In an juye, sai gangunan su faɗo kasuwa. Maigidana, Baba Nomau, maƙeri ne tun kakanni, amma da ya ga ganguna sun yi yawa sai ya ajiye ƙirar fartanya ya koma kansu. Ran da na fara zuwa wurinsa, ina saurayi mai ji da ƙarfi, ya miƙo mini guduma da kurfi, ƙarfen yanka mai kaifin baki, ya nuna mini duron. Na yi ta dukan ƙarfe tun hantsi har azahar. Bakin ya fito kamar haƙoran kada, tafin hannuna ya yi bororo. Baba Nomau ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce, "Madalla. Wanga in mace ta sa hannu ɗibar ruwa, sai ta bar muna yatsa guda ladan aiki."

A hankali na koya. Kurfi ba a tsaye ake riƙe shi ba, a kishingiɗe, ana bin gindin leɓen duro da ƙananan bugu. In an cire murfin, sai a naɗe kaifin da guduma a kan uwar maƙera har ya yi santsin da yaro zai iya lasa. Duron fetur ba a kusantarsa da kurfi sai an cika shi da ruwa, don tartsatsi ɗaya ya isa ya aika mutum lahira da gudumarsa a hannu. Na kwalta da na baƙin mai kuwa ƙona su ake yi: a cusa karan dawa, a kunna, a riƙa mirgina shi da sanda har wutar ta lashe ko'ina, sannan a shiga ciki da yashi da tsumman buhu a goge har ƙarfen ya yi fari. In ka fito, uwar da ta haife ka ma sai ta tambayi sunanka.

Masu saye iri-iri ne. Mahauta na son rabin duro mai hannu biyu na wankin kayan ciki. Fataken shanu na son a tsaga shi a tsaye ya zama kwamin ban ruwa. Mai shayi na son ƙarami mai murfi. Amma yawancin cinikinmu na mata ne, duron ruwan sha, musamman wanda za a kai ɗakin amarya. A nan na sami suna. Tun ina ƙarami hannuna na son zane, sai na riƙa yi wa na amare fure ja da ganye kore, wani lokaci da tsuntsaye biyu a kan reshe suna kallon juna kamar ba kowa a duniya sai su. Baba Nomau ya raɗa mini Mai Fure. Yakan ce, "Kai dai da fenti ake ci, da ba ka kwana da yunwa."

Sai dai yana da ƙa'ida guda wadda ba ya ɗaga wa kowa. Ba a shafa wa duro fenti sai kifi ya kwana a cikinsa. A bayan rumfa akwai kwatarniya da yake ajiye 'yan ƙananan karfasa, waɗanda masunta ke kawo masa daga gulbi. In an gama goge duro, a cika shi da ruwa, a bar shi ya sha rana yini guda, sannan a saki kifi ɗaya a ciki. In gari ya waye yana yawo, Baba Nomau zai ɗauki kurfi ya buga ɗigo uku a ƙasan leɓe, shaidarsa ke nan. In kuwa kifin ya juya ciki sama, to duron ya mutu tare da shi: a huda gindinsa da gefensa, a lotsa shi, a binne nesa da rijiya. Na sha ganin abin kamar ɓata lokaci. Shekara uku ina wurinsa, kifi biyu kawai na ga sun mutu.

Sai mummunar shekara ta zo. Ruwa ya taru a bayan madatsa ya ci gonaki da gidaje a wajen Maradun, a ƙasa kuma ana ta yankan filaye ana haƙa hanyoyin ruwa, manoma da yawa ba su yi shuka ba. Abin da ya biyo baya na rigimar gonaki ba na son tono shi, waɗanda suka gani sun sani. Abin da ya shafi rumfarmu shi ne aure ya yi wuya, mahauta sun rage yanka, sai mu yini ba wanda ya ce mana sannu da aiki. Ana cikin haka Alhaji Isufu, wani ɗan kasuwar Ƙonni da ke zuwa cin kasuwar Talata, ya ce yana son duro goma sha biyu masu fure, a ɗora masa a mota Talata mai zuwa don ya kai su kasuwar Laraba ta garinsu. Muka yi hamdala.

Takwas muke da su. Baba Nomau ya gwada su da kifi, ya buga musu ɗigo uku, sai aka aiko masa cewa yayansa na tashi daga tsohon gidansu a Maradun, ya je ya taya shi kwasar kaya. Da zai tafi ya ce, "In ka samu huɗu na dizal, ka cika. In ba ka samu ba, ka ba Alhaji haƙuri. Takwas na gari sun fi."

Na dizal ba su samu ba. Ran Litinin da hantsi wani dillali, wanda ban taɓa gani ba kuma ban sake gani ba, ya zo da ganguna biyar shuɗɗa a kan amalanke. Ban taɓa ganin masu kyau irinsu ba. Ba tsatsa, ba maiƙo, cikinsu na ƙyalli kamar sabon kwano. A gefen kowanne akwai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Ba zan yi ƙarya in ce ban gani ba. Na tambaya, dillalin ya ce maganin ƙwarin auduga ne ya zauna a ciki.

"Na ƙwari ne, samari. Kai ƙwaro ne?"

Haka kowa ke faɗi a lokacin, kuma haka na ɗauka. Na ce a raina, abin da ya fitar da kwalta ai ba zai gaza da ɗan ruwan magani ba. Na yanke huɗu, na bar na biyar don ya lotse a gefe. Na wanke su da toka da yashi har sau uku, na zubar da ruwan a kwatar bayan rumfa. Ban ƙona su ba, don ban ga abin ƙonawa ba. Kifi kuwa na buƙatar yini da kwana, fenti na buƙatar bushewa, mota kuma gobe za ta tashi. Na zaɓi fenti. Ƙoƙon kan nan ba abin da amarya za ta so gani ba ne a ɗakinta, saboda haka a daidai kansa na zana furen da ya fi kowane girma. A ɗaya daga cikinsu na yi tsuntsayen nan biyu, kuma har yau ban sake yin waɗanda suka kai su kyau ba.

Ran Talata da yamma Alhaji Isufu ya ɗora kayansa yana ta sa mini albarka.

Baba Nomau ya dawo Laraba da sassafe. Bai ko zauna ba, sai ga maƙwabciyarmu tana jan agwaginta uku matattu ta ƙafa, ta ce a kwatarmu ta tsince su. Ya je ya duba kwatar. Kwaɗi ne birjik, duk sun miƙe. Ya dawo ya tsaya a kan duro na biyar, ya daɗe yana kallon hoton da ke gefensa.

"Nawa ka saya?"

"Biyar, Baba."

"Sauran huɗun fa?"

Na ce sun tafi Ƙonni. Ya buɗe duron, ya zuba ruwa bokiti biyu, ya kamo karfasa ɗaya ya saka. Ya ce irin wannan ko kifi ba a wahalarwa da shi, don ni kawai yake yi. Kifin ya zagaya sau biyu, ya fara karkarwa, ya juya. Goron da Baba Nomau ya ɓare bai ma kai bakinsa ba.

Bai zage ni ba, kuma da ya zaga da na fi jin sauƙi. Ya ɗauko guduma da kurfi ya sa a buhu ya rataya mini.

"Mutanen da ba su san ka ba sunka yarda da hannunka. Tashi. Kada ka dawo sai huɗun nan sun zama rariya."

Na shiga motar Sakkwato, daga can na hau bayan a-kori-kura zuwa Illela. Rana ta karkata lokacin da na isa shingen iyaka. Wani dattijon ma'aikaci mai furfura a gashin baki ya ga buhuna ya tambayi abin da ke ciki, na zazzage masa labarin a tsaye. Ya ce ya tuna motar, da safe ta wuce, shi da kansa ya leƙa cikin gangunan.

"Wofi na gani, ɗana. Abin da ke ciki muke tambaya. Ba wanda ya taɓa cewa mu tambayi abin da ya taɓa zama a ciki."

Ya bar kujerarsa ya raka ni da ƙafa har wancan shingen, ya yi wa wani jandarma bayani. Jandarman ya ɗauke ni a bayan babur ɗinsa sai kasuwa.

Alhaji Isufu na ganina da jandarma ya miƙe. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya dafe kai.

"Kai Mai Fure, ka kashe ni! Biyar sun tafi. To yanzu duk ga su da fure iri guda, wane ne mai guba, wane ne mai lafiya?"

A nan ɗigon Baba Nomau ya yi rana. Na bi bakwai da suka rage ina shafa ƙasan leɓe da yatsa. Huɗu na da ɗigo, uku babu. Na kifar da ukun nan na huda su a gaban jama'a, mata na ta salati suna cewa wannan Banajeriye ya zautu. Ke nan a cikin biyar da aka sayar, ɗaya ne mai guba, kuma ba sai na shafa ba na san ko wanne ne, don mai tsuntsaye ba ya nan.

"Hajo ta saye shi," in ji Alhaji Isufu. "Ɗiyar Inna Ige mai fura. Tun hantsi ta sa anka kai mata gida."

Mai fura. Ba gida ɗaya ne zai sha ruwan ba, duk wanda ya tsaya da ludayi a bakin tasha ne.

Gidan na bayan kasuwa. A ƙofarsa, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, wata dattijuwa na zaune tana mulmula fura, ƙore na jere a gabanta. Ga durona a jingine da katanga, cike fal, ɗan garuwa bai daɗe da juye garwar ƙarshe ba. Na yi sallama. Inna Ige ta amsa a natse, ta shiga gaisuwa irin ta manya: ina wuni, ina gajiya, ina hanya, yaya mutanen gida, yaya ruwa a wajenku. Ina amsawa idona na kan duron. Tana kan "yaya iyali" sai wata budurwa ta fito daga zaure da moɗa a hannu, doguwa, baƙa, mai wushirya, idanunta kamar an wanke su da madara. Ta nutsa moɗar a duron, ta ɗago ta nufi bakinta.

Ban san lokacin da na tsallake ƙoren fura ba. Na kaɗe moɗar ta faɗi can.

"Kai! Wane irin marar kunya ne wanga?" in ji Inna Ige, ta ɗauko muciya. Ba don jandarman ya iso a daidai lokacin ba, da na koma Mafara da ƙulu a goshi.

Na yi bayani. Na tambaya ko wani ya sha, suka ce a'a, Inna Ige ta hana a taɓa sai warin fenti ya lafa, wannan ce ɗiba ta farko. Amma budurwar, wato Hajo, ta tsaya a gaban duron ta riƙe ƙugu.

"Da guminmu munka saye shi. Ni ban ga guba ba, tsuntsaye na gani. In ka yi nadamar sayarwa ne, ka faɗi."

Sai na ɗauko kurfi na durƙusa. Na fara kankare babban furen nan da ke ƙasan tsuntsayen. Ja ya zube, shuɗi ya fito. Ramukan ido biyu suka bayyana, sannan haƙora, sannan ƙasusuwa. Inna Ige ta saki muciya tana innalillahi. Hajo ta daɗe tana kallo, sannan ta dube ni.

"Kai ka rufe shi?"

"Ni ne."

"Kuma kai ka biyo shi tun daga Mafara?"

"Maigidana ya turo ni."

"To Allah shi yi wa maigidanka albarka," ta ce. "Kai kuwa sai mun gani."

Aka haƙa rami nesa da rijiya aka juye ruwan a ciki aka rufe. Na huda duron, bugun farko ya faɗa tsakanin tsuntsayen biyu. Na ɗauka aikina ya ƙare, sai jandarman ya ce ina, ba a ƙasarsu za a binne su ba.

"Gubarku ce. Inda ta fito, can za ta koma."

Haka na dawo da rariya huɗu a bayan mota, mutane na nuna ni a kowane gari. Dattijon Illela ya ɗaga mini shinge na wuce. Muka lotsa su tare da na biyar, muka binne a fako, ni na yi haƙan ni kaɗai. Aka biya maƙwabciya agwaginta. Baba Nomau ya ɗauke mini buroshi wata uku, ya mai da ni gugar kwalta.

Abin da jandarman nan ya faɗa da bakinsa, da abin da dattijon Illela ya ce ba a taɓa sa su tambaya ba, su ne daga baya hukuma ta rubuta suka zama doka: a faɗi abin da kaya suka ɗauka, a sanar da mutanen da za a kai wa, su yarda ko su ƙi, in kuma an yi ɓoye a mai da wa mai shi abinsa. Mu ba mu da wannan. Abin da ya tsaya tsakanin gubar nan da masu shan fura a tashar Ƙonni shi ne agwagi uku da wani tsoho mai kiwon kifi a kwatarniya. Da Baba Nomau ya ƙara kwana ɗaya a Maradun, da wani labarin nake bayarwa, ko kuma da ba ni da bakin ba da kowane.

Alhaji Isufu ya karɓi madadin nasa uku. Na Hajo kuwa ni na kai da kaina, na dizal ne, an ƙona shi, kifi ya kwana, ɗigo uku na ƙasan leɓe. Na sake zana tsuntsayen, ba su kai na farko ba. Ta sa aka cika shi, ta shafa ɗigon da yatsa kamar yadda na nuna mata, sannan ta ɗebo moɗa ta miƙo mini.

"Kifinku ban san shi ba. Kai za ka fara sha."

Na sha. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Inna Ige ta ce tunda bai faɗi ba a dama masa fura. Abin da ya biyo baya ba na sana'a ba ne, saboda haka ba zan sa shi nan ba. Ya isa in ce na gano Ƙonni na da buƙatar duro fiye da yadda kowa ya zata, har Baba Nomau ya fara tambaya ko gangunan nawa ne ke da ƙafa ko ni.

Bayan shekara biyu duron ya sake tsallako iyaka, wannan karon a saman motar kayan amarya. Dattijon nan na nan a shinge. Tun ranar nan, an ce, ba ganga da ke wuce shi sai ya sa hanci ya kuma tambayi tarihinta. Ya gane ni, ya ƙwanƙwasa duron da sandarsa.

"Wannan fa, me ya taɓa zama a ciki?"

Daga cikin mota, ta ƙarƙashin lulluɓi, aka amsa masa: "Dizal, Baba. Kuma an gwada shi a kan ango."

Da na kawo nan a labarin, ran Talatar nan, Basiru na riƙe da moɗa bai ajiye ba. Na ce ya sa yatsa a ƙasan leɓen duron da ya sha. Fentin ya koɗe tuntuni, tsuntsayen sun zama inuwa, an sake masa gindi sau biyu, amma ɗigon na nan. Ya shafa, ya ƙirga. Sannan ya waiwaya ya dubi motarsa da jarkokin da ke kanta.

"Wanda za ka kai mawa, mi zai yi da su?" na tambaye shi.

"Mata ke saye," ya ce a hankali. "Na ɗibar ruwa."

Sai muryar Hajo ta fito daga zaure, ashe tana jin mu tun farko.

"Mai Fure, bar ba yaro labari haka nan. Miƙa mashi kurfi."